Shawara ga mai shirin zuwa Slobeniya

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai bizar Schengen da ke son leƙa Slobeniya, ya yada zango a Ljubljana, babban birnin, ya riƙa fita yana dawowa. Ƙasar ƙarama ce, kuma yuro ake kashewa tun 2007.

An hana motoci shiga tsakiyar birnin, don haka a zo da takalmi mai daɗin tafiya. Dattawa kuwa akwai wasu ƙananan motocin lantarki da ake kira Kavalir, kyauta suke ɗaukar mutum.

Maganar abinci ita ce babba. Shahararren tsiran alade nasu, kranjska klobasa, a kiyaye shi. A nemi gidajen abincin 'yan Bosniya, ko a sayi burek (wani gasasshen abincin fulawa) mai cuku, amma a tambaya kafin a ci. Ranar Juma'a a je masallacin birnin, wanda aka buɗe a 2020, ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa. Kuma yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi, a yi cefane tun Asabar.

Tafkin Bled bas ake hawa, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna. A tafi da sassafe, domin da hantsi lokacin zafi jama'a sun cika wurin maƙil. Kogon Postojna ma ya cancanci kuɗinsa, da ɗan jirgin ƙasa ake shiga, sai dai sanyin ciki kusan digiri 10 ne ko da rani. A riƙe rigar sanyi.