Kafin ka canza eyafulo: kurakuran da ke cinye kuɗin masu mota a Jos

Duk shekara idan hunturu ya kama, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, motocin da ake kawo mini a nan Jos kusan ciwonsu ɗaya. Da safe mota ta tashi tana rawa, a tsaya a mahaɗa ta mutu, a taka totur ta yi jim kafin ta zabura, ga shan mai, ga fitilar cek injin a kunne. Kuma kafin mai motar ya gama fitowa ya riga ya yanke hukunci: "Oga, eyafulo ne, an ce in canza." Wani ma ya riga ya biya ta Dilimi ya sayo, yana nan cikin leda a kujerar baya.

Eyafulo, wanda takardun mota ke rubutawa MAF, yana zaune ne a bututun iska, tsakanin akwatin filta da bakin totur. A cikinsa akwai siririyar waya kamar silin gashi, wadda lantarki ke ɗumamawa. Iskar da inji ke shaƙa tana bi ta kanta tana sanyaya ta, kuma gwargwadon wutar da ake ƙarawa don ta riƙe zafinta, gwargwadon nauyin iskar da ta wuce. Wannan lissafin eyafulo yake kai wa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, giram kaza a daƙiƙa, shi kuma birenbos ya auna fetur a kai: giram 1 na fetur ga giram 14.7 na iska. Eyafulo ɗan aike ne ke nan. Idan saƙon da ya kai bai yi daidai ba, ko dai shi ne ya yi ƙarya, ko kuma an yi wani abu a bayan idonsa, kuma a aikina na biyun ya fi yawa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne ɗaukar lambar da kwamfuta ta fitar a matsayin hukunci. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD-II a ƙasan sitiyari, kuma yau na'urar karantawa ta shiga kusan kowane gareji. Alheri ne wannan. Sai dai babu lambar da ke cewa "canza kaza". P0101 cewa take abin da eyafulo ke faɗa bai zo daidai da abin da birenbos ke tsammani ba. P0102 da P0103 suna nufin saƙon ya yi ƙasa da yawa ko sama da yawa, kuma sau tari waya ce ko soket. Ita kuwa P0171, wadda aka fi rataya wa eyafulo, ko sunansa ba ta ambata ba. Abin da take faɗa kawai shi ne iska ta rinjayi mai. A injin V6 irin na Sienna da Highlander takan zo da 'yar'uwarta P0174, ta ɗaya ɓangaren injin.

To ta ina iska ke rinjayar mai? Duk iskar da ta shiga inji ta bayan eyafulo, bai gan ta ba, bai ƙirga ta ba. Bututun roban nan mai lanƙwasa-lanƙwasa idan ya tsufa yakan tsage a cikin ninkinsa, kuma ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Wani dattijo ya taɓa kawo mini Sienna bayan an canza masa eyafulo sau uku a wurare daban-daban. Ya ce, "Ɗana, ko dai injin ne ya gaji?" Na ce, "Baba, bari mu ga bututun tukuna." Da na kwance shi na lanƙwasa a rana, sai ga tsaga da yatsa ke shiga. An bar jaki ana ta dukan taiki, kuma har yau abin yana taɓa ni, domin kuɗin da ya kashe ba na wasa ba ne a wurinsa. Bayan bututun, a duba kilif ɗin da ke ɗaure shi, da ƙananan tiyo da ke shiga manifol, wato ma'ajiyar da ke raba iska ga silindodin inji, da babban tiyon da ke zuwa birki. Wanda ke da injin hayaƙi ya hura a ciki, duk inda hayaƙi ya ɓullo nan ne ƙofar ɓarawo.

Hanyar da nake rarrabewa ba ta ɗaukar minti goma, kuma da na'urar nan dai da aka karanta lambar ake yi. A shiga inda take nuna bayanai kai tsaye yayin da inji ke aiki, a nemo LTFT da STFT. Su ne ke nuna kashi nawa birenbos ke ƙarawa ko ragewa a kan feturin da ya lissafa. Lafiyayyar mota tana yawo kusa da sifili. Idan jimillarsu ta haura kashi 10, akwai magana. Sai a duba su a silo, a sake dubawa a juyi 2,500 a minti. Idan sun yi sama a silo amma suka sauko da aka taka totur, iskar sata ce, domin 'yar ɓarakar ba ta kai komai ba idan iska ta yi yawa. Idan kuwa a silo lafiya lau, ko ma sun ɗan yi ƙasa da sifili, amma suna hawa da an ɗora wa inji nauyi, to a nan ne ake zargin eyafulo mai datti. Ko a nan ɗin ma ba a gama ba, saboda famfon mai da ya yi rauni ko filtar mai da ta toshe haka suke yi. A sa geji a auna ƙarfin mai kafin a taɓa aljihu. Sannan a kalli abin da shi eyafulon ke faɗa: a zafaffen inji, ba esi, ba fitila, ƙiyasin masu gyara shi ne kusan giram ɗaya da ɗoriya a daƙiƙa ga kowace lita ta girman inji. Corolla mai 1.8 takan nuna tsakanin 2 da 3. Idan an kunna makulli ba a tayar ba, ya kamata ya tsaya dab da sifili.

Masu Corolla ta 2003 zuwa 2008 su riƙe wannan da kyau. Gaskit ɗin manifol na injin nan sananne ne da yoyon iska idan ya yi sanyi. Roban kan ƙanƙance, sai inji ya yi zafi ya kumbura ya toshe. A gari mai zafi mutum zai daɗe bai lura ba. A sanyin asubar Jos na Disamba kuwa, motar za ta yi ta karkarwa ta kunna P0171, a kai ta gareji da hantsi a tarar ba ta da komai. Ni irin wannan kwana nake sa ta yi a wurina, in auna ta da sassafe.

Akwai gwajin da yaran gareji suka fi so: a zare soket ɗin eyafulo inji na aiki, idan mota ta daidaita a ce an kama mai laifi. Ba hujja ba ce. Da an zare, birenbos yakan koma kan lissafin ko-ta-kwana da aka ajiye masa, kuma wannan lissafin yakan saki mai da ɗan yawa, wanda zai rufe asirin iskar sata ma. Ga shi kuma zarewar kanta tana haifar da sabbin lambobi, irin su P0102 da P0113, waɗanda na gaba zai karanta ya ruɗe. Mafi muni shi ne a bar shi a zare a ce wa mai mota ya ci gaba da lallaɓawa. Filogi za su yi baƙi, mai zai tafi a banza, abin nan na cikin salansa da ake kira indomi zai ƙone, giyar otomatik kuma ta riƙa fizga.

Sai wanki, inda ake yin gyaran gangar Auzinawa. Na ga an tsoma eyafulo cikin fetur, na ga an fesa masa maganin wanke kabireta, na ga an sa burushin haƙori, na ga an hura shi da iskar falkanaiza. Kowanne yana iya kashe shi nan take, ko ya bar masa maiƙon da ƙura za ta manne a kai. Akwai feshin da aka yi musamman dominsa, an rubuta MAF a jikin gwangwanin, yana bushewa bai bar komai ba. A kashe mota, a cire makulli, a zare soket, a kwance sukurori biyun, a ɗago shi a hankali. A fesa sau goma ko sha biyar daga ɗan nesa, kada tsinken feshin ya taɓa wayar, a ajiye a inuwa ya bushe sarai kafin a mayar, a kuma tabbata zoben robansa ya zauna.

Kuma a san abin da ake wankewa. A na Toyota, ɗan ƙwallon nan mai ruwan zuma da ake gani a fili da an ciro shi ba shi ne mai auna nauyin iska ba, mai auna zafinta ne. Wayoyin gaske suna can cikin rami, sai an juya shi an haska da tocila za a hango su guda biyu. Mutane da yawa ƙwallon suke wankewa ya yi ƙal, su mayar, su ce wanki bai yi ba. Na Bosch da ke cikin Mercedes da Volkswagen da yawa kuwa ɗan faranti ne maimakon waya, kuma idan ya tsufa wanki ba kasafai yake dawo da shi ba.

Me ya kawo dattin tun farko? Nan ne ake wucewa da sauri, alhali nan ne tushen. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin kwalli, ga ta hanyoyin unguwanni da ba su da kwalta. Filtar iska ita kaɗai ce katanga. A wurin sabis sai a ciro ta a buga a jikin taya, ko a hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yi ƙofofin da ido ba ya gani. Wata filtar mai arha ba ta cika akwatin ba, ƙura na bi ta gefe. Wani akwatin kilif ɗinsa ya karye an ɗaure da waya. A shafa yatsa cikin bututun ta bayan filta. Idan ya fito da ƙura, sabon eyafulon da za a saka ma kwanansa ƙirgagge ne. Ni a ganina duk mai mota a Filato ya canza filta da hunturu ya wuce, ko kilomitocinta ba su cika ba.

Wani abu kuma namu ne na kan tudu. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, matsin iska a nan wajen 88 ne a ma'aunin kPa, na bakin teku 101. Motar da aka ɗauko daga Legas ko Kwatano dole ta rasa fiye da kashi goma na ƙarfinta idan ta iso, ba tare da komai ya lalace ba. Wanda ya taso daga Abuja ya ji ta yi nauyi a Hawan Kibo, kada ya fara da zargin eyafulo. Haka mai aunawa: a silo adadin ba ya sauyawa sosai, amma idan an take totur har ƙasa, mafi girman abin da eyafulo zai nuna a Jos ba zai kai na littafi ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Kafin saye, a auna soket da mita: wutar batir na zuwa idan an kunna makulli? As ɗin, wato wayar da ke mayar da wuta jikin mota, na da kyau? A girgiza wayoyin ana kallon adadin. Wankin inji da ruwa mai ƙarfi yakan sa bakin soket ya yi kore. Kada a soka fitilar gwaji a wayar saƙo. A kuma tabbata motar ma tana da shi, domin Peugeot 406 mai fetur da tsofaffin Honda da yawa da MAP suke aiki, mai auna matsin iska a manifol.

Idan ya tabbata ya mutu, da lambar da ke jikinsa ake saye, ba da kama ba. Biyu za su shiga rami ɗaya, soket ɗaya, amma an saita su don injuna daban. Ni na fi yarda da ɗan Beljiyam na asali, Denso ko Bosch ko Hitachi, wanda aka yarda in gwada a mota in mayar idan bai yi ba, a kan sabo fil marar suna cikin kwali mai ƙyalli. Mai zuwa da gidansa yana da kibiya a jiki, bakinta ya kalli inji.

Bayan an ɗaura, a goge lambobin da tsohon lissafin man da birenbos ya haddace, amma sai an fara rubuta su a takarda tare da bayanan lokacin da fitilar ta kama. A bar inji ya yi zafi, a fita da motar ta hanyar Bukuru inda za a samu sarari, yaro na gefe riƙe da na'ura yana karanto LTFT a silo, a tafiya, da kan hawa. Idan ta tsaya ƙasa da kashi 5 a duka ukun, a ba mai ita makulli, a ce ya dawo bayan kwana uku da sassafe a sake dubawa.