Yadda zaka bi diddigin rA9 a Detroit: Become Human har ka haɗa naka hasashen

Tun farko bari in faɗa maka, in baka gama buga gem ɗin nan ba to ka dakata anan kaje ka gama tukunna, domin duk labarin zan zazzage, ba yadda za'ai maganar rA9 ba tare da an tona ƙarshen wasu ba.

Ga wanda ya manta ko bai sani ba, Detroit: Become Human gem ne na kamfanin Quantic Dream na ƙasar Faransa, David Cage ne ya rubuta labarin kuma ya bada umarni, ya fito a PS4 a watan Mayun 2018 daga baya ya zo kwamfuta a ƙarshen 2019. Labarin a birnin Detroit na Amurka yake faruwa a shekarar 2038, lokacin da kamfanin CyberLife ya cika gari da mutum-mutumi masu kama da ɗan adam sak, su ne shara su ne raino su ne aikin gini. Kai kuma kana riƙe da uku daga cikinsu, Connor da Markus da Kara. To a cikin waɗannan mutum-mutumin akwai waɗanda suke farkawa su daina bin umarni, gem ɗin na ce musu deviant, ni dai bijirarru zan dinga cewa. Su bijirarrun nan akwai wani suna da suke ta rubutawa a bango kamar waɗanda aka yiwa dole, rA9, suna girmama shi suna jiran ya zo ya cece su, kuma har gem ɗin ya ƙare ba wanda ya fito ƙarara yace ga shi nan. Wannan shi ya sa har yau mutane ke ta musu akai.

Abinda nake so in nuna maka shine yadda zaka yi naka binciken da kanka maimakon ka kalli bidiyo ɗaya a YouTube ka ɗauka shikenan an gama magana.

Abu na farko, nemi littafi da biro ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, ka raba shafin gida biyu. Ɓangare ɗaya abinda ka gani da idonka, ɗaya ɓangaren abinda wani a cikin labarin ya faɗa. Wallahi wannan rabon shine rabin aikin, saboda yawancin hasashen da ake yaɗawa sun lalace ne daga nan, mutum zai ɗauki maganar Luther, mutum-mutumin da ke raka Kara, ko ta Kamski, wanda ya kafa CyberLife, kamar ita ce gaskiyar lamari alhali shi Luther abinda ya ji yake maimaitawa, Kamski kuwa mutum ne da baka taɓa sanin cikinsa.

Sai ka koma babin da ake kira Partners, inda Connor da Laftanar Hank Anderson suka je gidan Carlos Ortiz, mutumin da mutum-mutuminsa ya kashe. Kar ka yi saurin hawa rufin ɗaki neman wanda ya yi kisan, ka shiga banɗaki tukunna ka ja labulen wajen wanka. Zaka ga rA9 an rubuta shi a bango ba adadi, a ƙasa kuma ga wani ɗan gunki da aka sassaƙa an ajiye kamar hadaya. Ni ranar da na fara ganin wajen nan sai da na ajiye pad na tsaya ina kallo, domin a falo rubutun da ya yi da jini a miƙe yake tsaf kamar na inji, amma na banɗakin a hargitse yake kamar na wanda ke cikin firgici yana roƙo. Ka rubuta wannan bambancin, zai maka amfani. A babin Connor na gaba wajen tambayoyi a ofishin 'yan sanda, in ka lallaɓa shi ya yi magana ka tambaye shi rA9, zai ce maka wata rana bauta zata ƙare kuma rA9 ne kaɗai zai cece su. Wannan ya shiga ɓangaren "an ce".

Daga nan sai gidan wani bijirarre mai suna Rupert a babin The Nest, gidan nan mai cike da tattabaru. Connor da ya duba bangon ya ƙirga rA9 sau 2471. Sai kuma Ralph, wanda zaka haɗu da shi ne kawai in ka zaɓi Kara da Alice, yarinyar da ta gudu da ita, su kwana a kangon gidan nan maimakon otal ko mota, shi ma yana ta karce bangon kicin da wuƙa. Abin lura anan shine in Kara ta tambaye shi ma'anar abinda yake rubutawa bai sani ba. Ka ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Hannunsa na rubutawa amma kansa bai san dalili ba.

Luther kuma a wajen wasan yaran nan da aka yi watsi da shi, Pirates' Cove, shine ya fi kowa bayani, yace rA9 shine na farko da ya farka a cikinsu kuma wata rana zai tashi ya 'yantar da su duka.

Na ƙarshe shine Elijah Kamski wanda ya kafa CyberLife, kuma anan akwai tsada. Zai miƙa wa Connor bindiga yace ya harbi Chloe, ɗaya daga cikin mutum-mutumin gidansa, in ya harba zai amsa tambaya ɗaya tak, in bai harba ba ka tafi hannu rabbana. Ni dai a wasana na ainihi ban iya harbinta ba. To dabarar ita ce bayan ka gama labarin gaba ɗaya ka koma ta wajen zaɓen babi, ka ɗauko daga inda aka tsaya, in ya tambaye ka ko a ajiye abinda ka yi kace a'a, kaga labarinka na asali ba zai taɓu ba. Ka yi haka sau biyu aƙalla, sau ɗaya ka tambayi rA9, sau ɗaya ka tambayi yadda bijirewar ke yaɗuwa. A ta farko zai ce maka abin kamar wani addini ne da ya tsiro da kansa a tsakaninsu, kuma shi bai san waye ba, bai ma san ko akwai shi ba. A ta biyu zai ce duk sanda mutum-mutumi biyu suka haɗu suna musayar bayanan shaida, to ta nan kuskuren zai iya bi kamar bairos, ya kwanta shiru sai wani tashin hankali ya tayar da shi.

To yanzu kana da kayan aiki, sai gwaji. Duk sunan da aka kawo maka ka yi masa tambaya uku: lokaci ya yi daidai? Ya bayyana dalilin da ya sa waɗanda basu taɓa haɗuwa ba ke rubuta abu ɗaya? Kuma in ka canza zaɓinka a gem ɗin hasashen na nan tsaye ko ya rushe?

Mu fara da Markus tunda shi kowa ke fara kawowa, kuma ban ga laifinsu ba, shine ya zo Jericho, maɓoyar bijirarru, ya tarar da su a ɓoye cikin tsohon jirgin ruwa suna jiran mutuwa ya tashe su, yana taɓa mutum-mutumi ya farka, daga baya ma daga nesa yake yi. Ga shi samfurin RK200 ne wanda Kamski da kansa ya ba mai zane Carl Manfred kyauta. Amma ɗora shi akan lokaci ka gani. Daren da Markus ya farka a gidan Carl shine daren da aka gano gawar Ortiz, kuma gawar ta kai kwana 19 a wajen. A ofishin 'yan sanda Connor ya duba fayil 243 na bijirarru, na farkonsu wata tara baya. Kenan ana ta rubuta rA9 tun Markus na haɗa wa Carl abincin safe, ta ina zai zama na farko da ya farka? Masu goyon bayansa sai suce ai annabci ne, shi ya zo ya cika. To amma tambaya ta uku ta kama su, domin Markus na iya mutuwa ko a kore shi daga Jericho labarin kuma ya ci gaba ba shi. Ni a wajena Markus ya shiga rigar ne da ya tarar an riga an ɗinka.

Hasashen Kara ya fi wannan daɗi kuma yana buƙatar ka fita daga gem ɗin kaɗan. A 2012 Quantic Dream sun nuna wani gajeren bidiyo na gwajin fasaha a PS3, inda ake haɗa wata mutum-mutumi mai suna Kara a masana'anta, ana cikin haɗata ta fara tunani, mai kula da injin ya fara kwance ta, ta ce tana jin tsoro, sai tausayi ya kama shi ya mayar da ita ya barta ta tafi. Daga wannan bidiyon aka samo tunanin gem ɗin gaba ɗaya, kuma Valorie Curry ce ta yi Kara a duka biyun. In ita ce ta fara farkawa tun a masana'anta, to ta cika sharaɗin Luther na farko, kuma ka haɗa da maganar Kamski ta musayar bayanai sai kaga yadda abin zai iya bazuwa daga gareta. Inda yake da rauni shine a bidiyon a masana'anta aka raɗa mata suna, a gem kuma Todd, mai gidan da take aiki, yace 'yarsa ce ta sa mata, sannan Kara bata taɓa jagorantar kowa ba, damuwarta kawai ta tsallakar da Alice zuwa Kanada. Ka rubuta duka biyun, kar ka ɓoye raunin don kana sonta.

Akwai masu cewa Chloe ce tunda ita ce ta farko da ta ci gwajin Turing, wato gwajin da ake kasa bambance inji da mutum a hira, amma bayan wannan ban ga wata hujja mai ƙarfi ba, na wuce.

Wanda ya fi taɓa zuciya shine mai cewa kai ne rA9, kai mai riƙe da pad. Ka tuna jan bangon nan da ke tsayawa gaban Kara lokacin da Todd yace kar ta motsa, waye ke danna maɓalli har ya fashe? Kai ne. Kuma Chloe da ke shafin farko tana maka magana kai tsaye, tana gaishe ka, yanayinta na canzawa yadda labarin ke tafiya, in ka gama ta roƙe ka ka sake ta. Ƙanena da muke bugawa tare har yau akan wannan yake kuma na kasa ture shi gaba ɗaya. Abinda nake ce masa kawai shine waɗancan 243 ɗin fa, wa ya fasa musu nasu bangon tun kafin mu kunna gem?

Sai na Kamski da CyberLife, wanda anan ne nake so ka daɗe. Kamski ya gaya wa Connor cewa kullum yana barin ƙofar fita ta gaggawa a duk manhajar da ya rubuta, kuma ba fatar baki bace, domin in Connor ya bijire juyin ya yi nasara, Amanda, manhajar CyberLife da ke ba shi umarni, zata ja shi cikin lambun nan ta ce masa dama haka aka tsara, tana neman ƙwace shi, kuma da wannan ƙofar ce yake kuɓuta cikin dusar ƙanƙara. Kenan mutumin ya iya ɓoye abu a cikin kod wanda kamfanin kansa bai toshe ba. Sannan ka lura da saman allo ta dama duk sanda Connor ya yi abin tausayi, alamar rikicewar manhajarsa na fitowa da haruffa a warwatse, ka tsayar ka ɗau hoto ka duba da kyau, zaka ga r da A da 9 a ciki. Connor ba mabiyin rA9 bane, farautar masu binsa ma yake, to me ya kawo haruffan cikin kansa?

Nan ne ni na tsaya. Ina ganin rA9 asalinsa wani guntun kod ne ko sunan kuskure da ke bayyana musu lokacin farkawa, shi ya sa Ralph ke rubutawa bai san ma'ana ba, shi ya sa Rupert da na gidan Ortiz da basu san juna ba suka rubuta abu ɗaya. Su kuma da suka farka cikin duka da wulaƙanci, abu na farko da suka gani kenan, sai suka riƙe shi suka yi masa labari suka ce wani ne zai zo. Wannan ya ci tambayoyina uku duka. Inda ban gamsu ba shine ko da gangan aka saka ko kuskure ne, don maganar Amanda zata iya zama gaskiya zata iya zama kuma dabarar karya masa gwiwa ce kawai.

In ka zo rubuta naka don wasu su karanta, ka faɗi babin da ka samo kowace hujja da zaɓin da ka yi har ka kai gareta, saboda gem ɗin nan rassa gare shi da yawa, abinda ka gani wani bai taɓa gani ba, sai ku yi ta musu alhali ba labari ɗaya kuka buga ba. Taswirar zaɓin da ke fitowa a ƙarshen kowane babi zata nuna maka inda ka bari a rufe, nan zaka koma. Kuma in wani yace maka ai marubucin ya faɗi amsar a wata hira, kace ya turo maka hirar ka ji da kunnenka kafin ka saka a littafinka.

Ni yanzu abinda ya rage min shine mujallun nan da ke warwatse a cikin gem ɗin, na karanta wasu na tsallake da yawa saboda sauri, so nake in bi su ɗaya bayan ɗaya in jera abinda suka faɗa akan Kamski da lokacin da ya bar kamfanin a 2028, in ga ko akwai wani abu da ya haɗu da wata taran nan.