Yadda ake kula da sagewar leɓe bayan tiyatar dashen haɓa har jijiya ta farfaɗo

Wanda aka yi wa tiyatar ƙara girman haɓa, wato aka ɗora masa ɗan dashe na silikon ko na wata roba mai ƙananan ramuka a kan ƙashin muƙamuƙi, yakan wayi gari ya ji leɓensa na ƙasa ya yi nauyi ya sage, ya taɓa da yatsa ya ji kamar ba nasa ba. Wannan abu ne da likitoci suka saba gani, kuma a wajen mafi yawan mutane yakan wuce da kansa cikin makonni ko 'yan watanni. Sai dai akwai sagewar da haƙuri ne maganinta, akwai kuma wadda jinkiri ke mayar da ita ta dindindin, kuma babban aikin mai jinya a wannan lokaci shi ne ya iya bambance su.

Jijiyar da ake magana a kanta reshe ce ta jijiya ta biyar daga cikin tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Tana bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, sannan ta leƙo waje ta wani ɗan rami, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a ƙasan haƙoran da ke tsakanin fiƙa da turame. Daga nan take rarrabuwa ta kai ji ga leɓen ƙasa da fatar haɓa da dasashin haƙoran gaba. Ji kaɗai take ɗauka, ba ruwanta da motsi. Ko ta cikin baki likita ya yanka ko ta ƙarƙashin haɓa, dole ne ya ɗaga nama daga kan ƙashi ya buɗe aljihun da dashen zai zauna, kuma wannan aljihu yana wucewa dab da ramin da jijiyar ke fitowa, musamman idan dashen mai dogayen fikafikai ne da ke bin gefen muƙamuƙi. A nan ne jijiyar kan sha ja ko matsi, kumburi kuma ya zo ya ƙara danne ta.

Sagewar ranar farko ba ta nuna komai, domin allurar kashe zafin da aka yi a wurin takan ɗauki sa'o'i kafin ta saki, wata irin ma takan kai rabin yini. Bayan ta saki sai kumburi ya karɓa, wanda yakan kai ƙololuwarsa tsakanin sa'o'i 48 zuwa 72. Abin yi a waɗannan kwanaki shi ne rage kumburin: a kwanta da kai a ɗage bisa matasai, a guji kifa fuska a katifa, a bar ɗaurin da likita ya sa har ranar da ya ce a cire. Idan an yarda a ɗora ƙanƙara, to a naɗe ta da ƙyalle, kada ta wuce minti 15 zuwa 20 a kowane zama, kuma a duba agogo a maimakon a jira fata ta yi ƙorafi, tunda fatar da ta sage ba za ta gaya wa mutum cewa sanyi yana cin ta ba.

Wannan rashin gargaɗi shi ne haɗarin da ke tare da mutum kullum har ji ya dawo. Abin sha mai zafi kan ƙona leɓe ba a sani ba sai an ga bororo a madubi, saboda haka a gwada zafin komai da bayan hannu ko da leɓen sama kafin a kai baki. A ci abinci mai laushi, ƙananan loma, a tauna a hankali, kuma bayan an gama a jawo leɓen a hankali gaban madubi a duba ko an cije shi. Mutane da yawa sukan kamu da ɗabi'ar ciza leɓen ko mintsininsa don su gwada ko ya farfaɗo, kuma wannan ba abin da yake jawowa sai gyambo. Namiji ya dakata da reza a haɓa har likita ya ba shi izini, in ya fara kuma ya yi da ido a madubi. A riƙa shafa man leɓe don kada ya tsage. Yawu ko ruwa kan zubo ta gefen baki ba a ji ba, abin yana sa kunya a cikin mutane, amma ɗan hankici a hannu ya wadatar, kuma yakan daina da zarar ji ya fara dawowa. Wanda aka yi wa ɗinki a cikin baki ya kiyaye kurkure baki da abin da aka rubuta masa, ya kuma hana harshe wasa da zaren.

A ganina babu abin da ya kai zana taswirar wurin da ya sage amfani, kuma kusan kowa yana iya yin sa. Bayan kwana 7 ko makamancin haka, a samu auduga mai tsabta da fensirin kwalliya mai gogewa, a tsaya gaban madubi. A fara shafa audugar daga kumatu, inda ji yake daidai, a taho a hankali zuwa tsakiyar haɓa, duk inda aka daina jin ta sai a ɗiga alama. A yi haka daga sama, daga ƙasa, daga kowane gefe, nesa da ɗinki, har alamomin su zagaye wurin da ya sage, sannan a ɗauki hoto da waya. Zai fi kyau wani ya riƙe audugar mai jinya ya rufe ido, saboda ido yakan yaudari mutum ya ɗauka ya ji abin da gani kawai ya yi. A maimaita sau ɗaya a mako, a rana guda, da irin haske guda. Gwajin kullum ba ya nuna canji, sai dai ya tayar da hankali, amma hotuna huɗu na makonni huɗu a jere suna faɗa wa likita abin da baki ba zai iya ba: ko da'irar tana tsukewa, ko tana nan inda take.

Tsawon lokacin da za a jira ya danganta da irin raunin da jijiyar ta samu. Likitan Birtaniya Herbert Seddon ya kasa raunin jijiya gida uku a 1943, kuma har yau da wannan rabo ake aiki. Mafi sauƙi shi ne inda jijiyar take lafiya ƙalau amma matsi ya tsayar da saƙonta, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Wannan yakan warware cikin kwanaki ko makonni, da wuya ya wuce wata 3, kuma shi ne ya fi yawa bayan wannan tiyata. Na biyu shi ne inda siraran zaruruwan da ke cikin jijiyar suka lalace amma kubensu yana nan, sai su sake tsirowa ta cikinsa da saurin kusan milimita 1 a rana. Tazarar da ke tsakanin ramin da leɓe 'yan santimita ce kawai, amma tsiron ba ya farawa nan take, kuma bayan zaren ya isa fata sai ya ɗauki lokaci kafin ya nuna sosai, shi ya sa wannan kan ci watanni, wani lokaci har shekara. Na uku, wanda ba kasafai ake samunsa ba, shi ne yankewar jijiyar gaba ɗaya, kuma wannan ba ya gyaruwa yadda ya kamata sai da wata tiyatar.

Farfaɗowar jijiya ba ta zuwa da daɗi. Minjirya, ƙaiƙayin da sosawa ba ta kai gare shi, tsikari, fizgar da ke zuwa farat ɗaya ta wuce, ko wurin ya koma jin komai fiye da kima har iska ma ta dame shi, duk alamu ne na cewa saƙo ya fara wucewa. Yawanci wurin yakan tsuke daga gefe zuwa ciki, kuma ba lallai dama da hagu su tafi tare ba.

Akwai abubuwan da ba a jira ranar da aka ba mutum ya koma asibiti a kansu: zazzaɓi, mugunya ko wari daga wurin ɗinki, ja da zafin fata da ke ƙaruwa, ko kumburin da ya taso da sauri a gefe ɗaya ya yi tauri. Ta fuskar jijiyar kuwa, abin lura shi ne sagewar da ta kama gefe ɗaya ɗungurungum ba ta motsa ba bayan mako 2 zuwa 3, ko wadda ta fara sauƙi sannan ta dawo, ko raɗaɗi mai ƙuna da ke tashi idan an danna gefen muƙamuƙi. Wannan na iya nufin fiffiken dashen ya haura ya hau kan jijiyar. Likita zai lalubo gefen dashen da hannu, ya gwada ji da auduga da tsinin allura da kuma tsini biyu a jere, in da hali ya sa a ɗauki hoton ƙashi da na'urar sikan. Idan ta tabbata matsi ne, gyaran shi ne a sauko da dashen, ko a rage fiffiken, ko a cire shi, kuma likitocin wannan fanni da dama suna ganin a yi hakan cikin makonnin farko, domin jijiyar da ta yi watanni a danne ba lallai ta dawo daidai ba. Mai jinya ya tafi da hotunansa, ya tambaya kai tsaye ko dashen yana taɓa jijiyar, kuma idan amsar da yake samu ba ta wuce a ƙara haƙuri ba alhali taswirar ba ta canza ba, yana da cikakken haƙƙin neman ganin wani likitan tiyatar baki da muƙamuƙi.

Kada a haɗa rashin ji da rashin motsi. Leɓen da ya karkace wajen murmushi ko ya ƙi saukowa a gefe ɗaya yana nuni ga reshen jijiya ta bakwai, mai motsa fuska, leɓen da ya saki har haƙoran ƙasa suka bayyana kuwa yana iya zama matsalar tsokar haɓa da aka ɗinke. Taurin kumburi ma kan kawo irin haka a makon farko, amma a faɗa wa likita a matsayin ƙorafi daban.

Babu ƙwayar da aka tabbatar tana sa jijiya tsiro da gudu, sai dai akwai abubuwan da ke ja mata baya. Taba da duk wani abu mai nikotin suna tsuke hanyoyin jinin da ke ciyar da ita, ciwon sukarin da ba a daidaita ba yana cutar da jijiyoyi tun asali, haka ma ƙarancin bitamin B12, wanda gwajin jini ke nunawa. Kada a ɗibi bitamin barkatai da sunan taimako, domin yawan B6 shi kansa yana lalata jijiya. Tausa mai ƙarfi a makonnin farko tana iya gusar da dashen, saboda haka a bar ta. Bayan rauni ya warke kuma likita ya amince, ana iya horar da wurin na 'yan mintuna sau biyu ko uku a rana: a shafa auduga, sannan ƙyalle mai laushi, sannan mai ɗan kaushi, da farko ana kallo a madubi, daga baya da ido a rufe, ana kwatantawa da gefen da yake lafiya, don ƙwaƙwalwa ta sake koyon fassara saƙon da ke iso mata.

Idan zogi ya hana barci, akwai magungunan ciwon jijiya irin su gabafentin da amitiriftilin, waɗanda likita ne kaɗai ke rubuta su, kuma zafi suke ragewa, ba su dawo da ji. Inda aka kai wata 3 babu ko alamar minjirya, lokaci ya yi da za a tura mutum wajen ƙwararren da ke ɗinke jijiya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, domin irin wannan gyara ya fi yin nasara a watannin farko fiye da bayan shekara. Wanda kuwa taswirarsa take tsukewa, ko da a hankali ne, zai iya ci gaba da ganin canji har wata 12 zuwa 18, kuma sai bayan wannan lokaci ne likitoci kan ɗauki ɗan wurin da ya rage a matsayin wanda zai zauna haka.