Yadda na gyara wuyan suwaitar da ya ƙi wuce kan yaro

Tun cikin kaka, a watan Oktoba, na fara saƙa wa ɗan ƙanwata suwaita, don kada sanyin hunturun Disamba ya same mu ba shiri. Ulu na sayo a kasuwar Sabon Gari, da tsinken saƙa mai milimita 4. Sati uku ina yi bayan la'asar. Ranar gwaji kai ya ƙi wucewa. Yaro na tsala ihu, uwarsa na cewa, "Haba Yaya, sai kin cire masa kunne?"

Da na zauna na duba, faɗin wuyan lafiya lau, yana miƙewa in an ja. Layin ƙarshe da na rufe saƙar da shi ne ya ɗaure tamau kamar igiyar guga. Laifina ne: ina rufewa ina karatun littafi, labari ya yi zafi, ni kuma ina ta matse zare ban sani ba.

Na warware layin nan kaɗai, a hankali, na mayar da kowane ido kan tsinke don kada ya zube. Sai na sake rufewa da tsinke mai milimita 5, hannu sake-sake. Ya ɗan buɗe, amma kan yaro ƙarami babba ne in ka gwada da jikinsa. Don haka na farke ɗinkin kafaɗar hagu kamar santimita 5, na dāje bakin da allura, na ɗinka maɓalli uku.

Yanzu da kansa yake zura kai. Maɓallan ne dai yake ta ƙoƙarin cizgewa.