Gyara ɗakin haɗa ƙananan samfura, da dabarar tafiya da su ba tare da sun karye ba

Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani yana yaro ya riga ya ɗanɗani daɗin wannan aiki. Bambancin shi ne a nan komai da ma'auni yake tafiya. Kwalin da kamfanoni irin su Tamiya na Japan ko Airfix na Ingila ke sayarwa cike yake da gutsattsarin roba, wani lokaci fiye da 200, waɗanda in an yanke su, an manna, an yi fenti, sai su ba da jirgin sama ko tankar yaƙi ko mota sak ta gaske, sai dai an rage mata girma. Lambar da ke jikin kwali ita ke faɗin ragin: 1/72 na nufin santimita 1 a teburinka santimita 72 ce a jikin abin na gaske. Jirgin Spitfire, mai faɗin fukafukai mita 11 da 'yan kai, yakan dawo kusan santimita 15 da rabi a 1/72, ya kai 23 a 1/48. Mutum mai tsayin mita 1.8 kuwa santimita 5 ne a 1/35, ma'aunin da aka fi yin tankoki da shi.

A irin wannan ƙanƙanta, ƙwayar ƙura ɗaya da ta zauna a kan ɗanyen fenti tsakuwa ce a idon mai kallo. Shi ya sa sabon shiga da ya zuba kuɗinsa kan kwalaye da fenti, ya bar ɗakin aiki yadda ya same shi, yakan yi ta zargin hannunsa alhali laifin na ɗaki ne. A fara da ƙura da haske da hanyar fitar iska. Sauran kaya sa biyo baya.

Ba sai babban ɗaki ba. Kusurwa mai mita 2 a mita 1 da rabi ta isa. Abin gudu shi ne ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin, domin zafin bazara yana daskarar da fenti a kwalba, yana kashe gam, yana kuma lanƙwasa siraran roba da aka jingine a karkace. Taga mai kallon arewa ta fi, saboda haskenta ba ya sauyawa da yawa daga safe zuwa yamma. Amma a Kano ko Damagaram daga arewa maso gabas iskar hunturu ke zuwa, ke nan tagar da ta fi ba ka haske ita ce ƙofar ƙura. Ragar sauro ba ta tare ta ko kaɗan. A liƙa siririn soso mai gam a duk gefen taga, a sa roba a ƙasan ƙofa, ko a naɗe tsumma a toshe. Kada a share ɗakin da tsintsiya. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, a bar shi rabin awa kafin a buɗe fenti, a kashe fankar sama. Da an gama feshi, a kifa roba mai tsabta a kan samfurin, a ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinke don tururin fenti ya samu hanyar fita.

Bango ya zama fari ko ruwan toka mai haske, marar sheƙi. Bango kore ko shuɗi yana mayar da launinsa kan tebur, sai ka haɗa launi kana ganin ya yi daidai, ka fita tsakar gida ka ga wani abu dabam. Ƙasa kuma ban da kafet ko darduma, don abin da ya faɗa cikinsu ya tafi ke nan. Tayil ma yana da nasa sharrin: ƙaramin gutsure yakan yi tsalle a kansa ya shige ƙarƙashin kabad. Ledar ƙasa mai launi ɗaya, marar zane, ita ta fi. Akwai wata dabara da masu gyaran agogo da maƙeran zinariya suka daɗe da ita: a kafe bakin wani ƙyalle a ƙarƙashin tebur, a ɗaura ɗaya bakin a ƙugu ko a wuya, duk abin da ya suɓuce daga matsefata sai ya faɗa cikin ƙyallen.

Tebur: a ba kafinta falankin filawud mai kaurin milimita 18, tsawo santimita 120, faɗi 60. Faɗin da ya wuce haka hannu ba ya kaiwa ƙarshensa, sai ya zama juji. Teburin ofis tsayinsa kusan santimita 75 ne, kuma ya yi ƙasa ga mai aikin da ke kawo abu kusa da ido. A ɗaga shi zuwa 80 ko 85, gwiwar hannu ta zauna a kai, wuya ya huta. A buga katako mai tsayin santimita 2 a baya da gefe biyu don kada wuƙa ko kwalba ta gangara. Ƙafafun su zama na ƙarfe daga wurin mai walda, saboda gara, kuma tebur mai girgiɗi ba a zana siririn layi a kansa. A sama a shimfiɗa tabarmar yanka ta roba, a ajiye tayil ɗaya ko gilashi a gefe don yankan salatif da ɗiga gam. Kantar fenti kada zurfinta ya wuce santimita 5, layi ɗaya tak, domin kwalbar Tamiya mai mililita 10 ba ta kai santimita 4 a faɗi ba, kuma kwalbar da ta ɓuya a bayan wata sai ka sake sayen irinta. Wuƙaƙe, tina (ruwan tsinka fenti) da gam su shiga durowa mai makulli in da yara a gida.

Fitila ɗaya ba ta isa, don inuwar hannunka za ta rufe inda kake aiki. A sa biyu na LED, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, santimita 40 zuwa 50 sama da tebur. A duba kwalin ƙwan: a nemi 5000K zuwa 5500K, da lambar CRI 90 ko sama. Ta farkon tana faɗin farin hasken, ta biyun tana faɗin yadda yake nuna launi da gaskiya. Ƙwan 3000K mai ja-ja yana sa ruwan toka ya koma kamar ƙasa-ƙasa. Soket huɗu a bango, sama da tebur, sun wadatar. Ƙaramin kwamfireso mai tanki na lita 3 wajen wat 150 yake ci, ƙaramar inbata tana ɗaukarsa. Tankin kuma yana da amfani ko don ranar da aka ɗauke wuta kana tsakiyar feshi, ka samu iskar da za ka wanke bindigar feshin fenti, wadda kwamfireson ke ba wa iska, kafin fenti ya bushe a cikinta.

Akwatin feshi shi ne wurin da ya kamata a fi kashe wa hankali, don a nan lafiya take. Tururin tina da fentin laka (lacquer a Turance) ba abin shaƙa ba ne, kuma takunkumin asibiti ko na ƙura ba ya tare shi. Sai mai gwangwanayen tacewa na tururin sinadari, irin mai alamar A2P3. Akwatin kansa kafinta zai yi shi da filawud: baki santimita 50 a 40, zurfi 40, soson tacewa a baya, fanka mai zuƙa a bayan soson, bututu mai faɗin santimita 10 ya fita waje. Ga lissafin fankar. Ana son iska ta riƙa shiga bakin akwatin da saurin kusan rabin mita a daƙiƙa. Bakin 50 a 40 murabba'in mita 0.2 ne, ke nan fanka mai jan kubik mita 360 a awa ake bukata. Ƙananan fankokin banɗaki da yawa ba sa kai 100, shi ya sa ake sa su a ga hazon fenti yana dawowa fuska. Bututu kada ya wuce mita 2, kuma kowane lanƙwasa yana rage ƙarfin ja. A zaɓi fanka wadda injinta ba ya tartsatsi, ko wadda injin ke wajen hanyar iskar, tunda tururin tina yana kama wuta.

Akwai kuskuren da masu toshe ɗaki saboda ƙura ke yawan yi: sun rufe ko'ina, sai fanka ta rasa iskar da za ta ja. Dole a bar mashiga. A huda rami mai faɗin bututun a ƙofa ko a wata taga nesa da inda bututun ya fita, a rufe shi da soson tacewa, a riƙa wanke soson duk mako a lokacin hunturu. Gwajin mai sauƙi ne: kafin a buɗe kowace kwalba, a kunna turaren tsinke a riƙe shi a bakin akwatin. In hayaƙin ya miƙe ya shige ciki, aiki ya yi. In ya tsaya yana kewaya, a rage tsawon bututu ko a ƙara mashiga. A kashe turaren sarai kafin a taɓa tina.

Yanayi yana sauya halin kayan aiki, kuma umarnin da ke jikin kwalba ba don ƙasar zafi aka rubuta shi ba. A hunturu, fentin ruwa yakan bushe a kan allurar bindiga, ko ya bushe a iska kafin ya sauka, jikin samfuri ya yi kaushi kamar sanfefa. Maganinsa a ƙara tsinka fentin har ya yi kaurin madara, a ɗiga sinadarin jinkirta bushewa, a sauke ƙarfin iskar kwamfireso zuwa psi 15 a ma'auninsa, a matso da bindiga zuwa santimita 8 ko 10. Sufa gulu da danshin iska yake kamawa, don haka a bushewar hunturu yakan yi nawa. Hura masa numfashi kaɗan yana taimakawa. Kada a kai sufa gulu kusa da gilashin jirgi, tururinsa yana sa gilashin fari fat. Farin gam na kafinta ake sawa a nan. Da damina kuwa ruwa ne ke taruwa a tankin kwamfireso, ya fito ta bindiga ya ɓata aikin kwana uku a daƙiƙa ɗaya. A zubar da ruwan tanki bayan kowane aiki. Takardun tambari da ake jiƙawa a manna su a adana a leda mai zif tare da ƙullin sinadarin tsotse danshi, irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi.

Sai batun tafiya. Masu wannan sha'awa suna da wuraren haɗuwa: baje kolin Shizuoka a Japan, garin da Tamiya take, ana yin sa a watan Mayu, na Telford a Ingila kuma a watan Nuwamba. Wanda ya je irin waɗannan wurare, ko ya shiga shagon kayan a wata ƙasa, ya san abin da jirgin sama ke karɓa kafin ya biya kuɗi. Gwangwanin fentin feshi, tina, fentin mai da gam mai narka roba duk masu kama wuta ne, ba sa shiga jakar hannu, ba sa shiga ta awo. Fentin Tamiya da ake wankewa da ruwa ma akwai sinadari mai kama wuta a cikinsa, alamar tana jikin kwalba. Na ruwa zalla irin Vallejo ya fi sauƙin wucewa, a ɗaure murfin da salatif a sa a leda biyu. Wuƙa da almakashi jakar awo. Na'ura mai aiki da lantarki kuma a karanta bayanta: ta Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230, in aka jona kai tsaye ƙonewa za ta yi. Don rage cika, a fitar da ledojin roba daga kwali a jera su tsakanin tufafi, a ninke kwalin, a sa takardun tambari cikin littafi mai kauri. Ledar gilasan jirgi a naɗe ta dabam, don ƙarzuwa ɗaya ta isa ta lalata su.

Ɗaukar samfurin da aka gama shi ne mai wuyar. Ƙa'idar ita ce kada ya motsa a cikin akwati, kuma kada wani abu ya taɓa siraran sassansa. Cusa auduga ko tsumma kuskure ne: zaren yana maƙale a eriya da bakin bindiga, wajen cirewa ya karya su. Leda mai ƙurajen iska kuma in ta kwana a jikin fenti cikin zafi tana barin tabon da'ira. A samu robar ajiyar abinci mai murfi, a manna soso mai tauri a ƙasanta. Jirgin sama a yanka masa ginshiƙai uku na soso, biyu ƙarƙashin fukafukai kusa da jiki, ɗaya ƙarƙashin wutsiya, tsayinsu ya sa tayoyi su rataya ba su taɓa ƙasa ba, domin ƙafafun jirgi su ne farkon karyewa. A ɗora siririn ƙyalle mai laushi a kan kowane fiffike, a soke bakinsa cikin soson da tsinken sakace. Tanka ta fi sauƙi: a tokare ta da gutsayen soso gaba da baya da gefe, a cire hasumiyar bindiga a ajiye ta dabam. Wanda ya san zai yi tafiya da aikinsa tun wajen haɗawa yake shiri, ya bar farfela da eriya ba gam, ko ya binne ƙaramin maganaɗisu mai milimita 2 ko 3 a inda suke zama.

Kafin a fita, a rufe akwatin a ɗan karkata shi hagu da dama a kusa da kunne. In an ji ƙwas, a buɗe a gyara. A mota, wurinsa ƙasa bayan kujerar gaba, a kan nannaɗen bargo, ko a cinya. But yana da tsalle, gaban gilashi kuma a motar da aka rufe a rana zafinsa yakan wuce digiri 70, wanda ya isa ya sa fiffike ya sunkuya. A jirgin sama akwatin ya shiga jakar hannu, a sa shi ƙarƙashin kujerar gaba maimakon ma'ajiyar sama inda wani zai turo tasa jakar a kai. A aljihu a riƙe matsefata, tsinken sakace, ƙaramin buroshi da 'yar kwalbar farin gam, wanda yake ba mutum minti biyu ko uku ya daidaita eriyar da ta cire kafin ya kama.