Ku fara da Claudette Colvin

Malamai 'yan'uwa, in za ku koyar da tarihin wariyar launin fata a Amurka, kada ku fara da manyan jagorori. Ku fara da Claudette Colvin, ɗaliba mai shekara 15 da ta ƙi tashi ta bai wa baturiya kujera a motar bas a birnin Montgomery, watan Maris 1955, wata tara kafin Rosa Parks, matar da ta yi suna da irin wannan ƙin tashin. Sa'ar ɗalibanku ce, za su kasa kunne.

Sannan ku kawo ƙaurace wa motocin da baƙar fata suka yi na kwana 381, ku tambaye su: wa zai iya takawa zuwa makaranta da ƙafa sama da shekara?

Amma don Allah ban da wasan raba aji gida biyu a ware wasu. Tsokanar takan bi su har waje.