Kurakuran da aka fi yi wajen tayar da injin tsohuwar 911

Motar Mercedes 911 mai bodin katako ta shafe shekaru tana jigilar hatsi da dabbobi tsakanin Arewa da Kudu, kuma har yanzu akan samu wanda ya gaji ɗaya a yashe yana son ya dawo da ita kan titi. Injin da aka fi sani a cikinta shi ne OM 352, mai silinda 6 da girman lita 5.7, wanda aka fara ƙerawa a 1964. Inji ne mai juriya, amma akan kashe shi tun ranar farko saboda ɗokin a ji ƙararsa.

Babban kuskure shi ne a ɗaura batir a murɗa makulli ba tare da an fara juya injin da hannu ba. Idan mota ta kwana damina da yawa a waje, ruwa kan bi ta salansa ko ta hanyar iska ya sauka a kan fistin, ringi ya yi tsatsa ya cije. Ruwa ba ya matsuwa, don haka bugu ɗaya ya isa ya lanƙwasa sandar da ke riƙe da fistin. Abin da ya dace shi ne a kwance nozul duka, wato masu fesa man gas a cikin silinda, a zuba man warware tsatsa a kowace silinda, a bar shi ya yi kwanaki, sannan a sa sifana a juya injin a hankali har ya zagaya sau biyu. In ya ƙi, sai a buɗe kansa a duba. Masu jan motar da wata mota don su ɓalle cijewar da ƙarfi, ringi kawai suke karyawa.

Tsohon baƙin mai da man gas ɗin da ya daɗe a tanki duk na zubarwa ne, tare da matatansu, kuma dole a fitar da iskar da ta shiga layin mai.

Akwai haɗarin da ba a cika ambata ba. A cikin injekta, famfon da ke tura man gas zuwa nozul, akwai sandar da ke ƙara mai ko rage shi, kuma idan ta maƙale a buɗe, injin na tashi zai yi ta hauhawa har ya tarwatse, ko da an zare batir, domin injin gas ba ya buƙatar wuta bayan ya kama. Saboda haka a kai injekta da nozul wurin masu gwada su, sannan a ajiye faifan katako kusa da bakin shan iska domin a toshe shi nan take. Tafin hannu ba abin toshewa ba ne. Tsumman fetur da wasu ke karawa a wurin don inji ya kama da wuri ma yana lahanta fistin.

Idan har an kwance injin, kowane marufin metal, wato ƙarfen da karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) ke kwanciya a kai, yana da mazauninsa da fuskarsa, sai a yi musu alama kafin a cire. Kusoshin kan inji kuwa daga tsakiya ake fara ɗaure su zuwa gefe, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba, in ba haka ba sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, zai ƙone. Kafin a je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman fistin ko metal, a auna silinda da karanshaf, domin injin da ya kai wannan shekaru mai yiwuwa an taɓa gurza su, kuma kayan ma'aunin asali ba za su zauna daidai ba.